Ƙulli a Igiyar Guga

Ni na haƙa rijiyar Tungar Barmo
shekarar da fari suka cinye maiwa.
Gaba shida na nutsa, daga ni sai diga da kwando,
na wuce jar ƙasa, na wuce farar laka,
a ta bakwai yashi ya yi sanyi a tafin ƙafata,
na ɗaga kai na ce, Nomau, sako wasaki, ga ruwa.

Shekara talatin ba ta yi mana rowa ba.
Shanun da ke gangarawa kasuwar Jega sun sha,
albasar Kulu ta sha har ta yi kai kamar dunƙulen hannu.
Ko bazarar da rafi ya koma hanyar jakai,
guga bai taɓa jin kunyar fitowa ba.

Sai ga wasu a farar mota,
suna taka gonar marigayi Hantsi, ido a ƙasa
kamar masu neman allura.
Suka ce akwai dukiya ƙarƙashin karan geron nan.
Mun ɗauka zinare ne,
ashe tsakuwa.

Magada suka dangwala yatsa a takarda.
Katafila ta kwana tana gurnani,
tifa ta shigo da rawar jiki, ta fita tana nishi.
Da ramin ya kai tsayin giginya,
sai bangonsa ya soma tsatsafowa.

Na gangara da sandata, na kamfata a tafi, na kurɓa.
Na san shi.
Ɗan garɗin nan na farar laka,
ko cikin duhu aka ba ni, ba ya ɓace mini.
Ruwana ne ya sake hanya bai yi sallama ba.

Suka kawo inji da mesa mai kaurin cinyar sa,
dare da rana yana zuƙa, yana amai a kwazazzabo.
Rabi a wanke dutse, rabi rana ta lashe.
Tunda uwata ta haife ni ban ga garin
da ake yi wa tsakuwa wanka
liman yana taimama ba.

Tumba ta yage gefen tsohon zane ta ƙara a igiya.
Wata ya kama, ta ƙara da ragamar jaki,
sannan ɗankwalin ɗiyarta.
Jiya na ƙirga da yatsa, ƙulli biyar,
guga ya hau yana rangaji
da taɓo cikin cokali da ƙamshin rijiya mai mutuwa.

Mai hular kwano ya ce, Baba, damina za ta mayar.
Na ce, yaro, abin da kake zubarwa a yini
tun ruwan saman zamanin kakana yake tsiyaya.
Ƙasa da cokali take tarawa,
kai kuma da masaki kake kwasowa.
Ya yi dariya, ya miƙo mini goro.

Abin da ban faɗa masa ba:
ɗana Argi ne ke zuba wa injin mai.
Da yamma a ƙirga masa kuɗin yini,
ya tare ɗan garuwa ya sayi jarka huɗu.
Da su aka dafa tuwon da na ci,
to da wane baki zan yi tsawa?

Hanyar kuwa ta yi kyau, ban ƙi gaskiya ba,
sumul har Birnin Kabi.
Ta kanta motar sayar da ruwa ke zuwa.

Ran Juma'a aka ba Argi hutu.
Na ɗaura igiya a ƙugu, shi ya riƙe.
Gaba takwas. Tara.
Gwiwa tana tuna mini shekaruna.
Na kara kunne a bango,
can cikin ƙasa ina jin bugun injin
kamar ana sussuka a wata unguwa.

Yashin da ke ƙafata da ɗumi.
Daga sama, inda haske ya rage kamar faifai,
ya ce, Baba, akwai?
Na ce, ja kwandon tukuna.